DAGA BAKIN MURHU: Tsohuwar Kaza Ta Fi Romo

Ina fata kowa ya kakkaɓe bargonsa ya nemi man kaɗe, domin mu dai a nan Ngaundare sanyi ya riga ya yi sallama. Da asuba in kika taɓa ruwan randa sai ki ce ƙanƙara aka jiƙa a ciki, yara kullum sai an yi dambe da su kafin su yi wankan makaranta, hazo kuwa wata rana yakan rufe gari har ba a hangen dutsen nan mai cibiya a ka, wanda garin ya ci sunansa.

Cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo akwai ta wata ƙanwarmu 'yar Garwa, wadda aure ya kawo ta garin nan bara. Ta roƙa kada a ambaci sunanta, kuma ba za a ambata ba. Ta ce a hunturun da ya wuce maigidanta ya tashi da mura, sai ta ce bari ta yi masa farfesun kaza. Ta sayo kazar gidan gona, ta ɗora a kan gas, ta buɗe wuta iyakarta, ta zuba attarugu da dunƙule huɗu, kafin rabin awa ta sauke. Uwar mijinta ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye cokali ta ce, "Sannu 'yar nan, ruwan zafin ya yi daɗi." Mako na gaba sai ta sayo kazar gida ta yi mata irin waccan dahuwa, nama ya fito kamar robar taya, har maigidan ya ce a miƙo masa wuƙa. Tun daga ranar ba ta sake taɓa kaza ba, ga shi kuma sanyi ya sake zagayowa. Tambayarta ita ce, a ina ta kuskure?

To ƙanwata, share hawayenki. Babu wadda aka haifa da ludayi a hannu, ni ma da kike gani an sha yi mini dariya a gidan miji. Kuskurenki guda ɗaya ne a dahuwar biyu, wato kin yi wa tukunya gaggawa. Daɗin farfesu yana cikin romo, romo kuwa ba ya fitowa daga ƙashi sai da ƙaramar wuta da dogon lokaci. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ni kuwa ina kyautata zaton wadda ta fara faɗin maganar nan tsohuwar kaza ta ɗora a murhu.

Ki fara sanin cewa garin da kika zo ya sha bamban da wanda kika baro. Garwa tana cikin kwarin kogin Binuwai, tsayinta daga teku mita 200 ne da 'yan kai, Ngaundare kuwa tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000. Duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6, shi ya sa daren Disamba da Janairu a nan, da Maiganga da Banyo da Bamenda, yake ratsa ƙashi. Wannan tudu kuma har tukunya yake taɓawa. A bakin teku kamar Duwala ruwa yana tafasa ne a digiri 100, amma a nan yakan tafasa tun yana wajen digiri 96. Ke nan ko da kin ga tukunya tana ɓararraka, zafin cikinta bai kai wanda kika saba da shi a gida ba, kuma ƙara wuta ba zai ƙara masa ko digiri ɗaya ba, sai dai ya ƙone miki ruwa ya ƙarar miki da gas. Lokaci ne kaɗai zai cike wannan giɓi.

ZAƁEN KAZA

Kaji iri uku ake samu a kasuwanninmu, kowace da aikinta. Akwai kazar gidan gona wadda ake kiwo don nama, ake fitar da ita kasuwa tana da kwana 45 ko kusa da haka a duniya. Tsokarta da yawa, ga taushi, amma ƙashinta bai ƙosa ba, don haka ta fi dacewa da suya da gashi. Akwai kazar ƙwai wadda ta gama aikinta a gona, ta yi shekara ɗaya da rabi ko fiye, masu ita suka sallame ta. Sai kuma kazar gida, mai yini tana tone-tone a bayan danga, wadda ba ta kai girman yanka sai ta yi wata 5 ko 6. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne kajin farfesu.

Dalili kuwa shi ne, abin da ke sa tsohuwar kaza tauri shi ne kuma ke ba romonta daɗi. Jijiyoyi da guringuntsi da fata, waɗanda suka yi ƙwari saboda shekaru da yawo, in suka daɗe cikin ruwan zafi narkewa suke yi sannu a hankali su bi romo. Shi ne za ki ji yana ɗan kama leɓe in kin kurɓa, in kuma ya yi sanyi sosai ki tarar ya daskare yana rawa. Kazar kwana 45 ba ta da wannan da yawa, kuma kafin ɗan abin da take da shi ya fito, tsokarta ta riga ta dagargaje.

Ba na ganin laifin 'yan matan yanzu da ba su san haka ba. Manyanmu za su tuna lokacin da daskararrun kaji daga Turai suka cika kasuwannin ƙasar nan, daga kimanin tan 1,000 a 1996 har suka haura tan 22,000 a 2003. Sai da ƙungiyar ACDIC, ƙarƙashin marigayi Bernard Njonga, ta tashi tsaye a 2004 tana nuna yadda suke kashe kiwon gida da yadda da yawansu suke lalacewa kafin su kai tukunya, sannan gwamnati ta fara taƙaita shigo da su, daga baya ta hana. Bayansu sai kajin gidan gona suka maye gurbi. Yarinyar da ta tashi a waɗannan shekaru ta saba da kazar da ke nuna kafin shinkafa ta tsotse, ina za ta koyi jiran awa biyu?

In kin je sayen kazar gida a wannan lokaci ki buɗe ido, domin hunturu ne lokacin da annobar kaji ta fi yawo a ƙauyuka, kuma wasu in sun ga cuta ta shiga akurki sai su kwaso ragowar su kawo kasuwa da araha. Kazar da ta takure wuri ɗaya, ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi, ko majina na fita daga hancinta, ko zankonta ya yi baƙi-baƙi, ki bar wa mai ita abinsa ko da kyauta ya ba ki. Ki nemi mai ido garau da jan zanko, wadda in an ɗaga ta za ta yi ta fisge-fisge. In kina son sanin ko ta manyanta, ki latsa ƙarshen ƙashin ƙirjinta. In ya lanƙwasa budurwa ce, in ya tsaya ƙiƙam to ita kike nema.

Bayan an yanka, a tsoma ta a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, a fige, sannan a babbaka ta sama-sama a kan harshen wuta. Babbakar tana ƙone ƙananan gashin da hannu bai kama ba, kuma ita ke ba farfesu ɗan ƙamshin hayaƙin nan da muka sani tun muna yara. Wajen fiɗa ki yi hattara da matsarmama, ɗan koren abin nan da ke manne da hanta, domin in ta fashe ɗacinta zai bi naman. Kada ki zubar da wuya da ƙafafu da ƙashin baya. Ƙafafun ki tsoma su a tafasasshen ruwa, ki saluɓe fatar, ki yanke farata, domin sun fi kowane sashe ba romo kauri. Ki yanka kazar ƙanana-ƙanana, kamar yanka 12 zuwa 14, dalilin haka yana tafe a gaba. Ki wanke ta cikin roba ɗaya, nesa da kwanukan cin abinci da duk abin da za a ci ɗanye, in kin gama ki wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu, saboda ɗanyen naman kaza yakan ɗauki ƙwayoyin cuta masu sa zawo da amai.

KAYAN HAƊI

Kazar gida ko kazar ƙwai 1
Albasa manya 2
Tafarnuwa ƙwara 6
Ɗanyar citta, kamar tsawon babban yatsa
Kanumfari ƙwara 4
Masoro rabin ƙaramin cokali
Kimba 2
Gyaɗar ƙamshi 2
Attarugu 2, ko daidai bakin mutanen gidan
Tumatir 2
Daddawa 1
Doya rabin saiwa, ko dankalin turawa 8
Ganyen ɗoɗɗoya, cikin tafin hannu
Gishiri da ruwan zafi lita 2

Duk waɗannan akwai su a kasuwa, kuma ƙasar nan Allah ya hore mata. Albasa tana gangaro mana daga Marwa da Garwa, tumatir daga Fumbot, doya kuwa ga ta nan Mbe a kan hanyar Garwa, wadda ba sai na yi mata talla ba. Gyaɗar ƙamshi ita ce 'yan kudu suke kira pebe. In ba ki sami masoro ba ki sa farin barkonon Penja, wanda tun 2013 aka yi wa sunansa rajista don kada wani ya sayar da nasa da sunan. Wasu 'yan uwanmu na Briqueterie da New Bell sun koyi sa njansan daga maƙwabtansu don ƙarin kauri, na ɗanɗana kuma ban ga aibinsa ba.

Roƙona ɗaya a nan, in za ki aiki yaro kasuwa ki faɗa masa sunayen da Hausa. Kwanan baya na aiki jikata ta sayo mini citta da kanumfari, sai ta tsaya tana kallona. Da na nuna mata ragowar da ke cikin kwalba ta ce, "Au Kaka, ai gingembre ne da girofle!" Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. A makaranta Faransanci take yi, a titi Fulatanci, in madafa ma ta ƙwace mana to ina ya rage?

YADDA AKE DAFAWA

Ki gasa gyaɗar ƙamshi a kan garwashi ki ɓare, sannan ki daka ta tare da citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro. Kimba ba a dakawa da sauran. Ki ɗan ƙwanƙwasa ta ta fashe, ki zubar da 'ya'yan saboda ɗaci, ki ajiye ɓawon don ki jefa shi haka nan ki tsame in an gama. Kanumfari kuma kada ya wuce yadda na faɗa, domin in ya yi yawa yakan kashe harshe ya danne ƙamshin kowa.

Ki zuba naman a tukunya mai kauri, ta ƙasa ko ta dalma, ki sa rabin kayan da kika daka, da yankakkiyar albasa ɗaya, da gishiri kaɗan, ki cuɗanya. Kada ki sa ruwa, kada ki sa mai. Ki rufe ki ɗora a ƙaramar wuta kamar minti 15, kina ɗan girgiza tukunyar lokaci-lokaci don kada ta kama. In kin buɗe za ki tarar kazar ta fitar da ruwan jikinta da kitsenta, kayan yaji sun ratsa ta. Wannan shi ne matakin da mai gaggawa take tsallakewa, daga nan kuma farfesu yake rabuwa da ruwan zafi.

Daga nan ki zuba ruwan zafi yadda zai sha kan naman da kamar yatsa biyu. In ya tafasa ki kwashe kumfar da ta taso, ki sa daddawa da kimba da jajjagen attarugu da tumatir da ragowar albasa, sannan ki rage wuta. In itace ne ki janye itatuwan ki bar rushi, in gas ne ki mayar da shi can ƙasa. Abin da ake so tukunya ta riƙa ɗan motsi tana numfashi a hankali. Ki rufe ki tafi sha'aninki. Kazar gida tana son awa ɗaya da rabi zuwa biyu, tsohuwar kazar ƙwai wani lokaci har ta ɗara haka. In ruwa ya ja baya ki ƙara na zafi. Kada ki jefa kanwa don ki gaggauta ta, za ta yi laushi kam, amma romon zai yi duhu ya sauya ɗanɗano. Alamar nuna ita ce ki soka cokali mai yatsu a cinya ya shige ba gardama, nama kuma ya fara ja da baya daga kan ƙashi.

To a nan ne za ki zuba doya ko dankali, yankan ɗan daidai, tare da ragowar kayan da kika daka, domin ƙamshin na farko ya riga ya tafi cikin nama, wannan na biyun shi hanci zai ji. Bayan minti 20 zuwa 25 doyar ta nuna. Ki tsamo yanka biyu ko uku ki murƙushe da bayan ludayi ki mayar, romo zai yi kauri ba tare da kin sa gari ba. Yanzu ne za ki ɗanɗana gishiri, saboda ruwan ya gama ƙonewa, in kin cika shi tun farko sai ya yi miki yawa a ƙarshe. Ki tsame kimba, ki watsa ɗoɗɗoya, ki rufe, ki sauke, ki bar tukunya ta huta minti 10 kafin ki taɓa ta. Ana sha haka nan, ana kuma haɗawa da burodi ko gurasa ko farar shinkafa.

Game da dunƙule huɗun nan naki, ƙanwata, ki sani kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. A gidan da ke da tsofaffi masu hawan jini wannan abin lura ne. In romo ya fito daga ƙashi, ga daddawa, ɗaya ya ishe ki, ko ma ki bar shi.

In kuwa kazar gidan gona ce kaɗai ta samu, ba a fasa farfesu ba. Ki ware wuya da ƙafafu da fukafukai da ƙashin baya ki dafa su da kayan yaji tsawon awa guda, sannan ki zuba cinyoyi da ƙirji tare da doya su yi rabin awa. Mai tukunyar nan mai fito kuma ta huta, domin ita tana riƙe tururi har zafin ruwa ya wuce digiri 100, tsohuwar kaza takan yi laushi a cikinta cikin minti 40.

ABIN LURA

Na san da yawanmu a kan gawayi za mu yi wannan dahuwa don tattalin gas, kuma na san abin da zuciya take raya wa mutum in dare ya yi, ga sanyi ga kasko cike da garwashi. Don Allah kada a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuma ba ya jin komai har ta gama da shi. A yi girki a waje ko a madafa mai iska, a ji ɗumi a tsakar gida, in za a kwanta a kashe wutar. Abin da ya rage a tukunya kuma kada a dogara da sanyin gari. Mai firji ta sa shi ciki kafin awa 2, kuma duk wadda za ta ɗumama ta tabbata ya tafasa sosai har cikin naman.

Har wa yau, farfesu yana sauƙaƙa mura amma ba ya kashe ta. Zafinsa da tururinsa suna buɗe hanci su sanyaya maƙogwaro, ruwansa yana mayar wa jiki abin da ya rasa, mara lafiyan da ya ƙi tuwo kuma yakan karɓi romo. Amma in yaro ko tsoho yana zazzaɓi mai zafi, ko numfashinsa yana sauri, ko haƙarƙarinsa na faɗawa, ko wuyansa ya sanƙare, to a ajiye ludayi a nufi asibiti.

KWANON WAJE

Na ce zan faɗi dalilin yanka kaza 14. Kakata, Allah ya jiƙanta, in ta sauke irin wannan tukunya takan jera kwanuka. Ƙundu na maigida ne, wannan ba a gardama, maƙwabtanmu 'yan Bamenda da Bamileke ma sun fi mu tsanani a kai, a wurinsu ɓatan ƙundu magana ce babba. Hanta ta yara ce, romo mai yawa na mai jego da wanda ba shi da haƙora. Amma kafin duk waɗannan, ludayin farko na wani ɗan langa ne mai murfi da take kira kwanon waje. Yanka ɗaya ko biyu, doya uku, romo ya sha kansu, a ɗora wa yaro ya kai wa wani a unguwa.

Da na tambaye ta dalili sai ta ce mu baƙi ne. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar hauren giwa da goro tun ƙarni na 19, suka zauna a Ngaundare da Tibati da Banyo, daga baya wasu suka gangara har Yawunde da Duwala. Sun baro dangi a Kano da Katsina da Zazzau, wanda ciwo ya kayar a zango ba shi da uwa ba shi da ƙanwa sai matar maƙwabci. Kwanon da ke tsallaka katanga shi ya tsaya musu a matsayin dangi.

Ni da nake ba ku wannan labari sai da na yi sakaci da shi. Akwai wata tsohuwa da katanga ɗaya ta raba mu, duk unguwa Iya muke ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna kudu wajen aiki, kuma ba su yar da ita ba, duk wata suna turo mata kuɗi ta waya, duk Juma'a suna kiranta. A hunturun bara kaza ta yi tsada, sai na ce a raina ai Iya ba ta rasa komai ba, na yi kusan mako uku ban aika mata ko ruwa ba. Wata Talata na yi farfesu, kunya ta kama ni, na zuba a langa na ba jikata. Ba a jima ba sai ga ta a guje, kwanon na hannunta, ta ce, "Kaka, na yi sallama sau uku Iya ba ta amsa ba, amma na ji tari a ɗaki."

Muka tarar da ita kwance, jiki kamar wuta, kwana biyu ke nan ba ta iya tashi ta ɗebi ruwa ba, wayar kuma ta mutu a ƙarƙashin matashi. A asibiti aka ce sanyi ne ya kama mata huhu, sai da ta yi kwana shida a gado. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da labari ya sha bamban. Ni kuwa duk kwanakin nan abin da nake lissafawa shi ne, tsakanin murhuna da ƙofar ɗakinta bai kai taku ashirin ba.

Da ta dawo gida na je ba ta haƙuri, na ce, "Iya, ki yafe mini, na yi laifi." Sai ta kama hannuna ta ce, "Haba 'yar nan, naman me? Haƙoran ma ina suke? Ni sallamar yarinyar nake jira."

Tun daga ranar kwanon waje ya dawo gidana, ko kaza aka dafa ko miyar kuka. Kuma na lura ba ya dawowa wayam, wata rana da goro a ciki, wata rana da 'yar daddawa, wata rana da albarka kawai. Kowace unguwa tamu, daga Marwa har Duwala, tana da irin su Iya: tsohuwar da 'ya'ya suka yi nisa, ɗalibin da ya zo jami'a daga wani gari yake kwana a ɗakin haya, mai gadin da ke kwana a waje cikin wannan sanyi, bazawara mai ƙananan yara. Ba sai sun zama Hausawa ba. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kazar da aka yanka 14 kuwa ba za ta gaza yanka biyu ba.

Saboda haka ƙanwata 'yar Garwa, ga aikinki na wannan mako. Ki sami ranar da ba ki da fita, ki sayo kazar da ta manyanta, ki ɗora tun bayan azahar don ta kai magariba. In kin sauke, kwanon farko ki kai wa uwar mijinki da kanki, ki durƙusa ki ajiye ki ce, "Inna, ga ɗan ruwan zafi," kada ki ƙara komai, romon zai yi sauran bayani. Na biyu ki duba unguwarku ki ga ƙofar da ta kwana biyu ba ki ga an buɗe ba, ki aika yaro, ki ce masa kada ya dawo sai an amsa masa sallama. Sannan ki rubuto mana yadda aka ƙare.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙar wata 'yar uwa daga Bamenda da ke tambaya a kan yajin jego da kunun kanwa. Kafin nan a rufe ƙirjin yara da safe, a shafa musu mai, a kuma riƙa leƙa maƙwabta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga ƙarshen sanyin nan ƙalau. Na bar ku lafiya.